Wa Ke Riƙe da Ƙofa? Sharhi a kan Fim ɗin White Riot da Sha'anin Wariya a Wuraren Kiɗan Samarin Ingila

Cikin shekarar 2019 aka nuna wani fim a bikin finafinai na birnin Landan, sunansa White Riot, wanda wata mata mai suna Rubika Shah ta shirya. Fim ne na tarihi, watau irin wanda a ke harhaɗa tsofaffin hotuna da hirar mutanen da suka ga abu da idonsu. Tsawonsa kamar minti 80 ne, ya kuwa sami lambar girma ta Grierson a wannan biki. Labarin da ya ke bayarwa na wata ƙungiya ce ta makaɗa da masu sha'awar kiɗa da aka kafa a Ingila cikin 1976, ana ce da ita Rock Against Racism, ma'ana kiɗan rok mai yaƙi da wariyar launin fata. Saboda sauƙi, nan gaba za a riƙa kiranta RAR, kamar yadda 'ya'yanta su ke yi.

Dalilin da ya sa aka ga ya kamata a yi sharhinsa a cikin waɗannan takardu shi ne, ya taɓo wata matsala wadda duk malamin da ya taɓa kula da wata ƙungiyar ɗalibai ya san ta, ko da bai taɓa sauraron kiɗan Turawa ba. Taron samari ya kan ce ƙofarsa a buɗe ta ke ga kowa, masu faɗin haka kuwa har zuciyarsu su ke faɗi, amma in aka leƙa ciki sai a tarar duk iri ɗaya ne. To, yaya za a gane ko ƙofar a buɗe ta ke da gaske? Fim ɗin ya nuna yadda aka haɗa baƙar fata da farar fata a bisa dandali ɗaya, ya kuwa nuna da kyau. Abin da bai tsaya ya bincika ba shi ne wanda ke tsaye a bakin ƙofa, da wanda ke riƙe da littafin gayyatar makaɗa, da wanda aka yi taron dominsa amma bai zo ba.

Kafin a shiga wannan, sai an ɗan bayyana irin kiɗan da a ke magana a kai. A Ingila da Amurka akwai kiɗan da manyan kamfanonin faifai da gidajen rediyo ke ɗauke da shi, akwai kuma wanda samari ke yi a gefe, a ɗakunan bayan mashaya, da ƙananan gidajen rawa, da zaurukan ƙungiyoyin ɗalibai. Wannan na biyun shi za a kira kiɗan gefe a nan. Cikin 1976 wani sabon salonsa ya ɓullo a Landan, ana ce da shi pank: jita da ganga, waƙa gajera mai sauri da hargowa, tufafi yagaggu da gangan. Taƙamar 'yan pank ita ce ba su da sarki ba su da galadima, duk wanda ya iya riƙe jita ya hau dandali. A wannan lokaci kuma 'ya'yan mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan, waɗanda iyayensu suka fara zuwa aiki Ingila da yawa tun daga 1948, suna da nasu kiɗan, watau rege, da nasu wuraren rawa a unguwanni irin su Brixton a Landan, da Handsworth a Birmingham, da Chapeltown a Leeds. Inda jama'ar nan biyu suka fara gamuwa sosai shi ne wani ƙaramin gidan rawa mai suna Roxy, a farkon 1977, inda wani saurayi ɗan asalin Jamaika, Don Letts, ke sa faifai tsakanin wasa da wasa. Da ya ke faya-fayan pank ba su da yawa tukuna, sai ya riƙa sa musu rege har kunnensu ya saba.

Ƙasar kuwa a lokacin ba lafiya. Aiki ya yi wuya, tsada ta yi yawa, jam'iyyar National Front, wadda aka kafa cikin 1967 da manufar a kwashe duk wanda ba farar fata ba a mai da shi inda ya fito, tana ta samun magoya baya. A zaɓen majalisar babban birnin Landan na watan Mayu 1977 ta sami ƙuri'a wajen 119,000. 'Ya'yanta su kan tsaya a ƙofar makarantu da filayen ƙwallo suna raba takardu, gama samari su ke nema. Ran 4 ga Yuni 1976 aka soke wani yaro ɗan shekara 18, Gurdip Singh Chaggar, a unguwar Southall ta yammacin Landan, ya mutu. Bayan wata biyu, ran 5 ga Agusta, mashahurin makaɗin jitar nan Eric Clapton ya tsaya a bisa dandali a Birmingham, a buge, ya yi ta zagin baƙar fata da sauran waɗanda suka zo daga ƙetare, yana cewa a kore su, yana yabon Enoch Powell, ɗan majalisar da ya yi jawabin ƙin 'yan ci-rani a wannan birni cikin 1968. Abin ya yi wa mutane ciwo ninki biyu, domin abin da Clapton ya iya a jita daga makaɗan baƙar fata na Amurka ya koyo shi, kuma shekara biyu kafin nan waƙar Bob Marley ce ya maimaita ta kai shi matsayi na ɗaya a Amurka. Wani mai ɗaukar hoto, Red Saunders, shi da abokansa, suka rubuta wa jaridun kiɗa wasiƙa suna tuna masa wannan butulci, suka ce duk mai so a kafa ƙungiya ya aiko da takarda. Takardu suka yi ta zuwa ɗari bisa ɗari.

Wannan kashi na labarin shi fim ɗin ya fi ƙwarewa a kai. Mai shirin ta sami tsofaffin 'yan ƙungiyar, su Saunders da Roger Huddle da Kate Webb, ta bar su suka faɗi yadda aka yi aikin da almakashi da gam da kan sarki. Jaridarsu, Temporary Hoarding, wadda ta fara fita cikin 1977, yanke-yanken hotuna ce da manyan haruffa a manne a karkace, fim ɗin kuwa ya ari wannan fasali, har shafuffukan jaridar su ke motsi a allo. Dabara ce mai kyau, gama ta sa mai kallo ya ji ɗanyen aikin yadda ya ke. Mafi daɗin ji shi ne zancen rassa: yaro ya kan rubuto daga wani ƙaramin gari yana tambayar ina reshen garinsu, sai a aika masa da bajo da takardun mannawa a ce masa ai shi ne reshen. Ƙa'idar ƙungiyar kuwa mai sauƙi ce. Duk inda aka shirya wasa, a sa makaɗan farar fata da na baƙar fata a dare ɗaya, in an gama kuma su hau tare su yi na sallama.

Kada mai karatu ya rena wannan ƙa'ida, domin ƙofar gidan rawa a Ingila tana da tarihi. Cikin 1958 wani gidan rawa a Wolverhampton, mai suna Scala, ya kafa doka ba ya karɓar baƙar fata. Ƙungiyar makaɗa ta ƙasar ta hana 'ya'yanta yin wasa a can, masu gidan suka kai ƙara, kotu ta ƙi ba su gaskiya. Dokokin hana wariya na 1965 da 1968 sun rufe wannan hanya a wuraren da kowa ke shiga, amma suka bar kafa guda, watau kulob mai 'ya'yan ƙungiya na kansa. Har cikin 1974 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a wancan zamani, suka yanke cewa wani kulob na ma'aikata a Preston bai karya doka ba da ya kori wani baƙar fata. Sai dokar 1976 ta toshe wannan kafa, ta haɗa da duk kulob mai mutum 25 ko fiye. Watau a shekarar da aka kafa RAR ne doka ta gama hana a rubuta wariya a jikin ƙofa. Wadda ta rage ita ce wadda ba a rubutawa: kallon da mai gadi ya kan yi wa mutum, da cewa wuri ya cika alhali bai cika ba, da shirun da ɗaki ya kan yi sa'ad da wani ya shigo. Irin wannan ba ta da hoto. Fim ɗin da aka gina bisa tsofaffin hotuna ba shi da hanyar nuna ta sai ta bakin mutane, a nan kuwa an yi ƙwauron tambaya.

A nan ne zancen ɗalibai ya shigo, fim ɗin kuwa ya ratsa shi da sauri. A wancan zamani jami'o'i da kwalejojin fasaha kowace tana da ƙungiyar ɗalibai mai zaure da mashaya da kuɗin gudanarwa na shekara, tana kuma da sakataren nishaɗi, ɗalibi ne wanda 'yan'uwansa su kan zaɓa, shi ke gayyato makaɗa. Waɗannan zauruka su ne babbar kasuwar kiɗan gefe, domin makaɗan da ba su isa su cika babban gidan wasa ba zagayen kwalejoji su kan yi su sami na abinci. Ɗalibai kuma sun riga makaɗa shiga wannan yaƙi. Cikin Afril 1974 babbar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasar ta zartar kada a ba 'yan wariya wurin yin jawabi a zaurukanta, sa'an nan ran 15 ga Yuni na shekarar wani ɗalibin Jami'ar Warwick, Kevin Gately, ya rasa ransa a wata zanga-zangar ƙin National Front a tsakiyar Landan. Saboda haka da RAR ta zo neman wuri, ƙofar kwaleji ta fi kowace saurin buɗewa. Ɗaya daga cikin wasanninta na farko a kwalejin zane ta Royal College of Art aka yi shi cikin Disamba 1976, da makaɗan rege na Matumbi.

Wasan da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne wanda aka yi a kwalejin fasaha ta tsakiyar Landan cikin Fabrairu 1978. Akwai wasu 'yan pank, Sham 69, waɗanda galibin masu binsu 'ya'yan talakawa ne masu askin ƙwalkwabo, a cikinsu kuwa akwai 'yan National Front da makamantansu. Shugabansu, Jimmy Pursey, ba ya ra'ayin wariya, amma ya ƙi korar yaransa, yana ganin in an kore su ba sauran mai yi musu magana. RAR ta haɗa su dare ɗaya da Misty in Roots, makaɗan rege na Southall. Kasada ce babba. Aka tanadi masu gadi sosai, aka kuwa tashi da Pursey da 'yan Misty a bisa dandali tare. 'Yan ƙungiyar suna lasafta wannan dare cikin nasarorinsu, nasarar kuwa ce. Sai dai ba ta daɗe ba, domin cikin 1979 waɗannan yara suka tarwatsa wasannin Sham 69 da faɗa, har wanda aka yi a gidan wasa na Rainbow cikin Yuli da nufin sallama.

Abin tambaya shi ne, wannan dare domin wa aka yi shi? Domin a ƙwato yaron farar fata ne daga hannun National Front. Manufa ce mai kyau, ba wanda zai musa. Amma yaron baƙar fata ko na Bangaladash da zai tsaya a fili ɗaya da masu ɗaga hannu irin na Hitila, shi aka sa ya biya kuɗin wannan wa'azi da lafiyar jikinsa, in ya yarda ya zo. Wanda ya zauna gida kuwa ba za a ce ya yi wauta ba.

Ga kuma wani abu game da zauren kwaleji kansa. A shekarun 1970 kamar mutum ɗaya ne cikin bakwai ko takwas na samarin ƙasar ke kaiwa jami'a ko babbar kwaleji. A wurare da yawa kuma dokar sayar da giya ta sa ba a shiga zauren sai da katin ƙungiya, ko kuwa wani mai kati ya sa hannu ya shigar da mutum. Katin ba ya tambayar launin kowa, amma ya riga ya tace jama'a tun daga nesa, tun daga makarantar da yaro ya yi da jarrabawar da aka bar shi ya ɗauka. Sakataren nishaɗi kuma abin da masu zaɓensa ke so shi zai gayyato. Ta haka zaure ya kan cika da ɗalibai masu kyakkyawar niyya, kowa da bajon ƙin wariya a ƙirji, suna ta rawar rege, baƙar fatan da ke ɗakin kuwa galibinsu a kan dandali su ke. Ba wanda ya yi mugunta, ba wanda ya hana kowa shiga. Da za a tambayi sakataren, da rantsuwa zai yi cewa ƙofarsa a buɗe ta ke.

Birnin Leeds ya nuna fuska biyu ta al'amarin. Daga sashen zane na jami'arsa aka sami makaɗan Gang of Four da Mekons wajen 1977, ɗalibai ne masu zurfin karatun siyasa, sun kuwa tsaya wa RAR. A wannan birni kuma cikin 1978 'yan National Front suka fito da wata 'yar jarida mai suna Punk Front, suka sami nasu 'yan pank, su Dentists da Ventz, daga nan aka haifi ƙungiyar kishiya wadda a ke kira Rock Against Communism. Kiɗa iri ɗaya ne, tufafi iri ɗaya.

Wannan ya kawo zance ga sassaucin da fim ɗin ya yi wa pank kansa. Bai ɓoye ba cewa da farko kiɗan yana iya karkata ko'ina, amma ya ɗauki abin kamar ƙuruciya ce wadda RAR ta zo ta gyara. Siouxsie Sioux da Sid Vicious sun sa tambarin 'yan Nazi a hannu da riga, shagon Malcolm McLaren da Vivienne Westwood kuma yana sayar da tufafi masu shi. Hujjarsu ita ce tsokanar iyayensu su ke yi, waɗanda suka yi yaƙin Hitila. Amma abin da ya ke tsokana a gidan Bature barazana ce ga ɗan Bayahude ko ɗan Pakistan da ya gamu da shi a tashar jirgi da dare. Ita kanta waƙar da fim ɗin ya ari sunanta, ta makaɗan Clash ce ta 1977, an yi ta bayan tarzomar bikin Notting Hill na 1976, nufinta samarin farar fata su yi koyi da na baƙar fata wajen tsayawa gaban hukuma, amma wasu masu sauraro suka juya ta suka mai da ita kirarin launinsu. Cikin 1999 wani malami, Roger Sabin, ya bi jaridu da waƙoƙin zamanin, ya nuna cewa labarin da a ke bayarwa wai pank tun asali maƙiyin wariya ne, an yi masa kwaskwarima daga baya. Ya kuma lura 'yan pank ɗin da suka ƙaunaci rege ba su ce wani abin kirki ba game da dukan da a ke yi wa mutanen Asiya. A Amurka ma, cikin Afril 1979, marubucin nan Lester Bangs ya tona a jaridar Village Voice yadda zagin baƙar fata ya zama abin ado a wuraren kiɗan gefe na New York, bai kuwa cire bakinsa daga laifin ba. Wata guda kafin nan Elvis Costello, wanda ya yi wa RAR wasa a Brockwell Park cikin Satumba 1978, ya ambaci Ray Charles da James Brown da kalmar ƙasƙanci a wata mashaya a Ohio, a buge, ya zo yana ba da hanzari daga baya.

Zancen mutanen Asiya da Sabin ya taɓo, shi ne zuciyar al'amarin. Fim ɗin ya ƙare ne da babban taron ran 30 ga Afril 1978, wanda RAR ta shirya tare da ƙungiyar Anti-Nazi League. Aka taru a dandalin Trafalgar, aka taka wajen mil shida zuwa Victoria Park a gabashin Landan, inda National Front ke ganin gidanta ne. Ƙiyasin jama'a ya kama daga 80,000 zuwa 100,000. X-Ray Spex suka yi wasa, da shugabarsu Poly Styrene, wadda ubanta Basomale ne, sa'an nan Clash, da Steel Pulse na Handsworth, da Tom Robinson. Pursey ya hau ya yi waƙa tare da Clash a gaban yaransa. Hotunan suna da ƙarfi ainun, wanda ya kalla tsigar jikinsa ba ta tashi ba, da wuya wani fim ya motsa shi. Amma a sake duba jerin makaɗan. Gabashin Landan nan ne mazaunin mutanen Bangaladash masu aikin ɗinki, su ne kuwa a ke fasa wa tagogi, a ke tare 'ya'yansu a hanyar makaranta, ran Lahadi kuma 'yan National Front su kan tsaya suna sayar da jaridarsu a bakin titin Brick Lane. Cikin jerin nan ba makaɗan Asiya ko guda. Bayan kwana huɗu, ran 4 ga Mayu, ranar zaɓen ƙananan hukumomi, wasu samari uku suka soke wani maɗinki, Altab Ali, a Whitechapel yana komawa gida daga aiki, ya mutu. Ran 14 ga watan mutum wajen 7,000, galibinsu 'yan Bangaladash, suka bi akwatin gawarsa cikin ruwan sama har unguwar gidan Firayim Minista. Wannan tafiya ba ganga ba jita, amma ita ce ta ƙarfafa ƙungiyoyin samarin unguwar, waɗanda suka riƙa yin sammako suna mamaye wurin da 'yan National Front ke tsayawa.

Ba za a ce mai shirin fim ɗin ba ta san wannan ba. Ita kanta 'yar asalin Asiya ce, ta kuwa kawo ɗaya daga cikin makaɗan Alien Kulture, ƙungiyar pank ta samari 'yan asalin Pakistan da aka kafa bayan taron, ya faɗi irin tsoron da suka tashi a ciki. Maganarsa tana cikin mafi nauyi a fim ɗin duka. Sai dai ginin labarin ya fi ƙarfinta. Tun daga farko an nufi Victoria Park kamar yadda tatsuniya ta kan nufi ranar biki, duk abin da bai taimaki wannan tafiya ba sai ya zama ratse.

Kuma ba don mutanen Asiya ba su da kiɗa ba ne. A Southall cikin 1977 aka kafa ƙungiyar Alaap, waɗanda a ke lasaftawa cikin iyayen kiɗan bangara na Ingila. Kunnen 'yan kiɗan gefe ne bai kai can ba. Rege yana da farin jini, yana da tawaye da kwarjini, ɗan Bature yana so a gan shi da shi, ganga da waƙar harshen Punjabi kuwa ba su da wannan daraja a idonsa a lokacin. Ashe karɓar da aka yi wa baƙo sha'awar mai gida ta bi, wanda kiɗansa ya yi masa daɗi shi aka ce ya shigo.

Southall ta sha wuya sau biyu bayan inda fim ɗin ya tsaya. Ran 23 ga Afril 1979 National Front ta yi taron zaɓe a zauren hukumar unguwar, jama'a suka fito ƙin yarda, 'yan sanda suka far musu. Wani malamin makaranta ɗan New Zealand, Blair Peach, ya mutu saboda bugun da aka yi masa a kai. Rahoton binciken 'yan sanda, wanda ba a saki ba sai cikin 2010, ya nuna kusan tabbas ɗaya daga cikinsu ne ya buge shi. A wannan rana kuma suka shiga gidan da 'yan Misty in Roots ke aiki, suka farfasa kayan kiɗa, suka fasa kan manajansu, Clarence Baker. Sa'an nan ran 3 ga Yuli 1981 aka shirya wasan wani reshen pank mai suna Oi a mashayar Hambrough, masu askin ƙwalkwabo suka zo mota-mota, aka taɓa shaguna da mutanen unguwa, samarin Asiya suka kewaye mashayar suka ƙone ta. Makaɗan daren sun yi ta cewa su ba 'yan wariya ba ne. Ko da gaskiyarsu, wanda ya kai irin wannan taro Southall bai shawarci mutanen Southall ba.

Haka kuma a yi hattara da cewa kiɗa ne ya ka da National Front. A babban zaɓen 1979 ta tsai da 'yan takara 303, ba wanda ya ci, ƙuri'unta duka ba su kai 200,000 ba. RAR tana da rabo a wannan, domin ta sa zama ɗan jam'iyyar ya zama abin kunya ga samari da yawa. Amma cikin Janairu 1978 Margaret Thatcher ta faɗa a talabijin cewa mutane suna tsoron masu wata al'ada dabam za su mamaye ƙasar, masu nazari da dama kuwa suna ganin wannan magana ta janye wa jam'iyyar ƙuri'u. Paul Gilroy, a littafinsa na 1987, ya yabi RAR domin ta gane wariya tana cikin aikin 'yan sanda da kotu da dokar shige da fice, ya soki Anti-Nazi League domin ta taƙaita abin ga 'yan Nazi kaɗai, har ta riƙa roƙon kishin ƙasa irin na zamanin yaƙi. Fim ɗin ya nuna cin zalin 'yan sanda, amma bai buɗe wannan gardama ba.

Akwai wurare biyu inda aka wuce haɗuwar dare ɗaya, da an ba su lokaci da fim ɗin ya fi haka amfani. Na farko a Southall ɗin ne. Misty in Roots suna da nasu ƙaramin kamfanin faifai, People Unite, su ne kuwa suka buga faifan farko na Ruts, 'yan pank farar fata, a farkon 1979. A nan baƙar fata ne mai gida, Bature ne aka yi wa masauki, abin da ba safai a ke gani ba. Na biyu a Coventry ne, inda Jerry Dammers da Horace Panter, waɗanda suka gamu a kwalejin fasaha ta Lanchester, suka kafa Specials, sa'an nan Dammers ya kafa kamfanin 2 Tone cikin 1979. A can cikin ƙungiyar makaɗa kanta aka yi gamayyar, mota ɗaya, masauki ɗaya. Selecter ma, abokan tafiyarsu, mutum shida cikin bakwai baƙar fata ne, mai waƙarsu kuwa Pauline Black ce, wadda ubanta ɗan Nijeriya ne, Turawa suka rene ta a Essex, ita ma ta yi karatu a Lanchester. Duk da haka masu ɗaga hannun Hitila ba su daina zuwa wasanninsu ba, suna son kiɗan suna ƙin makaɗan. Cikin Afril 1981 aka soke wani ɗalibi ɗan shekara 20, Satnam Singh Gill, da rana tsaka a tsakiyar Coventry. Specials suka shirya wasan haɗin kai a filin Butts cikin Yuni, jama'a ba su cika ba saboda tsoron faɗa. Ran 4 ga Yuli suka yi wasa a babban taron RAR na ƙarshe a Leeds, cikin watan kuma waƙarsu Ghost Town ta hau matsayi na ɗaya, biranen Ingila suna cin wuta.

Waɗanda suka zo daga baya ba su jira gayyata ba. Cikin 1985 a New York makaɗin jita Vernon Reid da marubuci Greg Tate da abokansu suka kafa Black Rock Coalition, domin kamfanoni suna cewa rok ba kiɗan baƙar fata ba ne, alhali su Chuck Berry da Little Richard da Rosetta Tharpe suna cikin waɗanda suka aza harsashinsa. Cikin 2003 James Spooner ya fito da fim ɗinsa Afro-Punk, wanda ya yi tambayar da White Riot ya taƙaita, ya bi samarin baƙar fata gari-gari yana jin yadda mutum ya kan ji in shi kaɗai ne irinsa a ɗaki. A Landan kuma cikin 2017 wasu samari da 'yan mata, cikinsu har da Stephanie Phillips ta ƙungiyar Big Joanie, suka fara wani biki mai suna Decolonise Fest. Wasu za su ce ai wannan ware kai ne. Amma ba a hana farar fata shiga ba, littafin gayyata ne kurum ya koma hannun baƙar fata da 'yan asalin Asiya, su ke zaɓen wanda zai hau dandali. Ɗakin da suka fara bikin, DIY Space for London, wanda 'yan sa kai ke gudanarwa a kudancin birnin, an rufe shi cikin 2020, shekarar da White Riot ya shiga gidajen sinima na Ingila.